Asabar Ɗin Da Wayarmu Ta Tsinke

Ni ce na fitar da Baba Hamus daga Hara, tsohuwar unguwar Yahudawa. Haka kowa ke faɗa a unguwarmu, kuma tun da bakin mutane ba ya ɗinkuwa, na bar su da abinsu. Abin da ba sa faɗa shi ne tsohon gidan ɗaki biyu ne, mu tara a ciki, rufinsa yana yoyo tun kafin a kawo ni, ga matakala uku a bakin ƙofa waɗanda keken guragu ba ya hawa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama surukin nawa, kullum sai maigidana Bishi ya goya shi kafin a fito da shi ya sha hantsi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sa Bishi a gaba da mita har ya sayi fili ya gina mana gida shimfiɗaɗɗe, babu mataki ko ɗaya. Aibin gidan guda ne, yana bayan waya.

Mu Yahudawan tsibirin Jarba ranar Asabar ba ma fita titi da komai a hannu, ko mabuɗi, ko jariri, balle a tura keke. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne Hara a kewaye take. Inda akwai bango, bango ya wadatar. Inda babu, an kafa sanduna an ɗaura waya a samansu, sai unguwar duka ta zama tsakar gida ɗaya. Cikin waya ki ɗauki tukunyarki ki kai wa maƙwabciya. Bayan waya kuwa sai ki tafi hannu biyu zallarsu.

Sabon gidanmu yana ƙarshen wani lungu, taku ɗari biyu daga tsohuwar iyaka. Ni da Bishi ƙafa za ta kai mu. Baba sai keke. Wata bakwai ke nan bai leƙa majami'a ranar Asabar ba, mutumin da tun yana ɗan shekara biyar bai taɓa fashi ba. Maƙwabcinmu Si Munji, Musulmi mai sayar da kifi, ya yi tayin zai riƙa tura shi, Baba ya girgiza kai, ya ce ba zai ɗora wa wani abin da shi aka hana shi ba. Duk safiyar Asabar sai na sa masa farar rigarsa da jar hularsa, ya zauna bakin taga yana kallon lungu har rana ta take. Abinci ya koma sai an yi ta lallami. Ina ganinsa yana ƙarewa a gabana, kuma na san da hannuna a ciki, amma ko da za a yanka ni ba zan faɗa ba.

Wadda ke faɗa a madadina ita ce Hamisa, yayar Bishi. Mace ce doguwa mai murya, irin wadda in ta yi miki sannu da aiki sai kin duba ko kin yi ɓarna. Ba ta taɓa zagina ido da ido ba. Sai dai ta zo ta shafa bangon gidan ta ce kai, fenti ya yi kyau, kamar asibiti. Ko ta tambayi mahaifinta, da ƙarfi yadda zan ji daga madafa, wai ko iskar bayan gari tana karɓarsa.

To akwai Asabar ɗaya a cikin hunturu da ake karatun ranar da Annabi Musa ya tsallake teku da kakanninmu. A majami'armu wannan karatun na gidan su Baba ne tun kakan kakansa. Ciwo ya karkatar masa da harshe, in zai ce a ba shi ruwa sai mun yi ta canka, amma abin mamaki in ya ɗauki karatu da rerawa, kalma ɗaya ba ta faɗuwa. Da Bishi ya ce bana shi zai karanta a madadinsa, Baba ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin maganar ta fito. Ya ce ranar da wani ya yi karatun nan yana raye, mu fara ɗinka likkafani. Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba ya faɗin abin da ba ya nufi.

Daga ranar na tashi tsaye. Lungunmu bango ne dama da hagu tun daga ƙofarmu har tsohuwar iyaka, sai wuri ɗaya inda ya buɗe ya kalli wani kangon fili, faɗin taku goma sha biyar. Nan kaɗai ake buƙatar waya. Na tura Bishi ofishin gari sau ba adadi, ya rufe shagon zinariyarsa ya je ya yi layi, har aka ba mu izinin kafa sanduna biyu. Ranar Alhamis aka kafa, ranar Juma'a malaminmu Rebbi Faraji ya zo da sandarsa ya ɗaga kai ya duba, ya ce ta yi. A ranar Baba ya cinye kuskus da kifi faranti guda, ya miƙo a ƙara masa.

Da sassafen Asabar wata motar yashi ta shigo ta lungun za ta juye kaya a kangon filin, ta tafi da wayar a goshinta. Direban bai ma san ya yi ba.

Kafin ƙarfe takwas rabin Hara yana wurin. Dama mutane sun yi niyyar zuwa rakiyar Baba, sai suka tarar da waya kwance a ƙasa. Ranar Asabar ba a ɗauri, ba a ƙulli, ba a hawa sanda. Maza suka tsaya gungu-gungu suna girgiza kai, mata suna tafa hannu. Bishi ya tsaya yana kallon wayar kamar kallon zai tayar da ita, daga baya ya juya gida kansa a ƙasa don ya je ya faɗa wa mahaifinsa. Hamisa ta waiwayo. Kallo ɗaya ta yi mini, na gwammace da ta yi magana.

Ni 'yar malami ce. Mahaifina Mikayil yana koyar da samari a zauren gidanmu, mu mata ba a zaunar da mu, amma turmin da nake daka barkono yana bayan ƙofar zauren, kuma kunne ba shi da marfi. Yawancin abin da na ji ya bi iska. Sai ga shi a safiyar nan, ina tsaye ina kallon gurbin nan mai taku goma sha biyar, wata magana ta faɗo mini wadda na ji samarin suna yi wa dariya shekara talatin da suka wuce. Na ja gyalena na matsa kusa da Rebbi Faraji.

"Rebbi, ina da tambaya, amma ta jahilci ce."

"Gidanku ba a tambayar jahilci, 'yar Mikayil. Faɗi."

"In bango ya ɓalle, mutane suka tsaya a gurbin kafaɗa da kafaɗa, sun zama bango?"

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya sassauta murya ya ce magabata sun yarda da haka in an matsu, amma da sharaɗi biyu. Waɗanda suka tsaya kada su san don me suka tsaya. Wanda zai amfana kuma, da mai tura shi, kada ya zama su suka jera su ko sun sa an jera. Ya ce in aka gane, bango ya rushe.

Na ce, "To wa zai jera su?"

Ya ce, "Ni dai tsoho ne, ban jera kowa ba. Zan je in gaida Hamus, in ɗan tsaya a ƙofar gidanku in huta. Daga can ana hango nan sarai."

Ya tafi yana takawa a hankali, har da ɗan tari, kamar mun yi maganar farashin albasa. Ni kuwa na duba jama'a na ga sun fara watsewa, lokacin addu'a yana matsowa. Abu ɗaya na sani yana tsayar da mutanen Hara wuri guda ba tare da an roƙe su ba.

A bakin gurbin, daidai layin sandunan, ma'aikatan ruwa sun haƙa doguwar kwata za su binne bututu, ga taɓo a ciki. Na tattare zanen Asabar ɗina na tsallake ta, na hau tulin yashin da motar ta juye, na juyo na riƙe ƙugu.

"Yaya Hamisa! Hankalinki ya kwanta yanzu? Bakinki ya kama!"

A wajenmu ka ce wa mutum ɓarawo ya fi sauƙi da ka ce bakinsa ko idonsa ya karya abu. Hamisa ta juyo a hankali, ta tako har bakin kwata, 'ya'yanta mata huɗu a bayanta.

"Gizala, da ni kike, ko yashin ne ya hau miki kai?"

"Da ke nake. Wata bakwai kina shafa bangona kina yabo. Yau ga abin da yabonki ya haifa."

"Ikon Allah. Ku ji mini mace. Ita ta kwashi tsoho ta kai shi inda ko kyanwar Hara ba ta zuwa, amma bakina ne ya tuƙo mota."

Jama'a suka dawo. Wanda ya kai kwana ya juyo, wadda ta shiga gida ta fito tana goge hannu. Babu mai tsallake kwata da tufafin Asabar, don haka duk suka jeru a bakinta, kowa yana neman inda zai ga fuskokinmu, bayansu ga lungu. Si Munji da matarsa ma suka fito suka sami wuri. Sai dai duk sun cunkushe gefen Hamisa, ɓangaren hagu kusa da sanda ya rage fayau. Na hango Mariyuma matar mahauci tsaye can baya da ƙawayenta, mace mai zaman lafiya da ba ta taɓa yi mini komai ba. Allah ya yafe mini. Na gangara hagu na nuna ta da yatsa na ce ita ma na ji abin da take faɗa a kaina a gidan burodi, ita da tafinarta, girkin waken nan na Asabar, ba ta taɓa nuna ba, wake kamar tsakuwa. Mariyuma ta taho da rundunarta suna rantse-rantse, suka cike gurbin har jikin sanda.

Ta saman kawunansu na hango Rebbi Faraji a ƙofarmu. Ya ɗaga hannu ya kare ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya leƙa cikin gida. Can sai ga kan Bishi, ga jar hula a ƙasa da shi, suna tahowa.

Ban taɓa sanin taku ɗari biyu suna da tsawo haka ba. Lungun ba kwalta, Bishi kuma mutum ne da ko gobara ake ba ya sauri. Ga ƙafar keken ta dama tana ƙara, ƙiii, ƙiii, wata biyu ina cewa ya sa mata mai. Dole na ɗaga murya sama da ƙarar. Na tono maganar akushin da Hamisa ta ara tun bikin ɗanta na fari, na tono kunun da ta ce na ƙona ranar sunan 'yata, na tono abin da ya faru da wanda bai faru ba. Tana ramawa, Mariyuma tana ramawa, maza suna cewa haba, haba, yau Asabar, amma babu wanda ya ɗaga ƙafa.

Sai Hamisa ta daina ihu. Ta yi magana da muryar da ban san tana da ita ba.

"Ke ɗaki kika gani, Gizala. A ɗakin nan uwarmu ta cika. Duk asuba yana juyawa gefen da take kwana ya yi mata magana, kin sani? Yanzu in ya juya, wa zai gani? Fenti."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don ban sani ba. Shekara goma sha takwas ina gidan, ban sani ba. Wani dattijo ya ce to ya isa haka, an makara, maza su wuce majami'a. Na ga kafaɗu sun fara motsi. Jar hular kuwa tana daidai bayansu, ko rabin hanya ba ta kai ba.

Zagi ya ƙare mini. Abu ɗaya ya rage wanda Hara ba ta taɓa gani ba. Ni Gizala ban taɓa ba kowa haƙuri ba, har Bishi, shi yake bayarwa ko ni ce da laifi. Na durƙusa a kan yashi da gwiwa biyu, da zanen Asabar da komai.

"Yaya Hamisa, ki tsaya. Kowa ya tsaya ya zama shaida. Gaskiyarki ce."

Ƙafafun da suka ɗaga suka koma inda suke. Na ce na auna ƙofa, na auna faɗin keke, na auna hasken taga, ban auna Asabar ba. Na ce na ga tsoho yana ramewa na yi shiru don kada a ce Hamisa ta ci nasara. Na ce ban taɓa tambayarsa ko yana son tashi ba, ita ma ban tambaye ta ba, alhali ita ta riga ni zama 'yarsa. Da na fara, niyyata in ja lokaci ne. Ban san inda dabara ta tsaya gaskiya ta karɓa ba, na dai ji hawaye yana shiga mini baki kuma ban yi ƙoƙarin tsayar da shi ba. Na nemi gafarar Mariyuma, na ce tafinarta ta fi tawa, wannan kam kowa ya san gaskiya ne. Mata suka fara jan majina. Hamisa ta tsaya baki buɗe, ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.

Ban daina ba sai da na ga jar hular ta sha kwanar gidan burodi, ta shige ƙarƙashin tsohuwar waya. Nan na zauna daɓas a kan yashi. Hamisa ce ta tsallako kwatar, taɓo har idon sawu, ta ɗaga ni tana cewa tashi, tashi, kin ba mu kunya gaban maƙwabta.

Mazan da suka isa majami'a suka tarar da Baba Hamus zaune a wurinsa na kullum kusa da ginshiƙi, an yafa masa mayafin addu'a. Aka ce har wani ya ja da baya. Rebbi Faraji ya yi musu bayani a taƙaice, ya ce ya fito ya ga an toshe gurbi da bango mai kyau, mai kauri, har da mahauci a ciki, shi ya sa ya ce Bishi ya tura. Kafin mu mata mu iso bakin tagar da muke tsayawa, labari ya riga mu. Mariyuma ta dafe ƙirji ta ce ashe ita tubali ce ba ta sani ba. Si Munji, da aka faɗa masa daga baya, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce tsohon ya ƙi ya tura shi amma ga shi ya shiga aikin ta bayan gida.

Mahaifina yakan ce wayar nan ba ta tsare ɓarawo, ba ta tare iska, aikinta kawai ta shaida cewa mutanen da ke ciki sun yarda gidansu ɗaya ne. Ina yarinya na ɗauka irin maganar malamai ce. Ranar na ga an yi gida da mutanen da suka fito kallon faɗa, kuma Mai Sama ya karɓa.

Hamisa ta matso kusa da ni a bakin taga, ba ta kalle ni ba.

"Zagin na bango ne?"

"Na bango ne, Yaya."

"Haƙurin fa?"

"Farkonsa."

Sai ta ce keken ba zai koma ba sai taurari sun fito Asabar ta ƙare, don haka yau a gidanta Baba zai ci abinci, ni ma in zo da yara, in kuma zo da shirin wanke-wanke gobe. Na ce to.

Daga ciki aka kira sunan Hamus ɗan Siyon. Muka ji an gungura keken zuwa gaban naɗaɗɗen Littafi, ƙafar nan tana ƙararta, jama'a suka miƙe tsaye kamar yadda ake yi wa wannan karatun. Shiru ya yi tsawo har na kama ƙarfen taga. Sai muryar ta fito, da rawa a farko, daga nan ta miƙe ta cika ɗakin ta fito ta taga ta same mu, kowace kalma a wurinta. Yana kai baiti maza suna amsa masa, yana ƙara ɗagawa. Hamisa ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Guɗa ba ta cikin tsarin wannan wurin, kuma na riga na yi abin kunyar da zai ishe ni shekara. Na cika ƙirjina da iska na rangaɗa ta, matan Hara duka suka karɓa.